Yadda za ka zauna da ma'aikacinka ku waiwayi aiki: jagora ga shugabannin sashen kula da yara da iyali

A ofisoshin jin daɗin jama'a da ƙungiyoyin kare yara, abin da aka fi sani da duba aikin ma'aikaci bai wuce ƙirga ba. Kes nawa ne a hannunki? Nawa kika rufe? Kin cike fom? Ina rahoton wata? Tambayoyi ne da ba makawa sai an yi su, domin na sama ma za su tambaye ka. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ke gaya maka abin da ma'aikaciyar ta gani a gidan da ta je, ko abin da ya ɗarsu a ranta, ko dalilin da ya sa ta gamsu cewa yaron yana lafiya. Zaman waiwaye shi ne lokacin da kake ware wa waɗannan tambayoyi na biyun, kuma aikinka a cikinsa tambaya ce da sauraro, ba bayar da amsa ba.

Turawan Ingila sun koyi muhimmancin wannan da tsada. Victoria Climbié yarinya ce 'yar Kwaddibuwa da iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta don ta yi karatu a Turai, abin da kowane Bahaushe ya san irinsa. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, an ƙirga raunuka 128 a jikinta. Kafin rasuwarta ma'aikatan jin daɗin jama'a sun san da ita, 'yan sanda sun san da ita, asibitoci biyu sun kwantar da ita. An taɓa cewa tabon jikinta ƙazuwa ce. Yadda take ƙamewa a tsaye in mariƙiyarta ta shigo kuwa, an fassara shi da ladabi da biyayya irin na al'ada. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda aka fitar da rahotonsa a 2003, ya nuna cewa ma'aikaciyar da ke riƙe da kes ɗin ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma ba ta samu shugaban da zai zaunar da ita ya tambaye ta abin da ta dogara da shi ba. Farfesa Eileen Munro, wadda ta yi nazarin rahotannin bincike 45 kan irin waɗannan mace-mace, ta gano kuskure ɗaya da ke ta maimaituwa: da zarar ma'aikaci ya tsayar da ra'ayi a kan wani gida, da wuya ya sauya, ko da sabuwar shaida ta zo tana musanta shi. Ba wai ma'aikatan ba su da kirki ba ne. Halin ɗan Adam ne, kuma mutum ba ya iya kama kansa da kansa a kai. Sai da wani a gefe.

Gyara fili kafin zaman farko

Kada ka wayi gari ka fara tambayar ma'aikaciya "yaya kika ji a ranki?" alhali shekara uku ba abin da ke haɗa ku sai neman rahoto. Za ta ɗauka tarko ne. Fara da zama na musamman wanda ba a taɓa kes ko ɗaya, ku yi yarjejeniya, ku rubuta ta a takarda guda. Ku tsayar da rana da lokaci da wuri. Ku faɗi abin da zai tsaya tsakaninku da abin da dole ya fita: duk maganar da ta shafi lafiyar yaro ko rashin gaskiya a aiki ba ta ɓoyuwa, amma in ta ce maka gabanta ya faɗi a wani gida, wannan ba zai shiga takardar ƙarin girma ba. Ka tambaye ta irin shugabannin da ta yi aiki a ƙarƙashinsu a baya, da abin da ya taimake ta, da abin da ya sa ta kama bakinta. Wadda aka taɓa yi wa tsawa gaban jama'a don ta faɗi kuskurenta, za ta daɗe kafin ta sake faɗa wa wani.

Game da yawan zama, ƙa'idar da ake bi a Ingila ga sabon ma'aikaci ita ce kowane mako a makonni shida na farko, sai duk mako biyu har wata shida, daga nan aƙalla sau ɗaya a wata, kowane zama kamar awa ɗaya da rabi ba tare da katsewa ba. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji ke bi wajen kare yara sun ce kada kes ɗin ma'aikaci ɗaya ya wuce 25, kada shugaba ɗaya ya riƙe fiye da ma'aikata biyar zuwa shida. Na san akwai ofishin ƙaramar hukumar da zai karanta wannan ya yi dariya. To, in awa ɗaya a wata ce kawai za ta samu, a yi ta, amma a kare ta. Zaman da ake ɗagawa duk lokacin da baƙo ya zo daga hedkwata yana gaya wa ma'aikata matsayinsa ba sai an faɗa ba.

Wurin zama ma yana magana. Taso daga bayan tebur, ku zauna a kujeru iri ɗaya, ka kife waya. In kai namiji ne ita mace, ko akasin haka, ku zaɓi inda ake hango ku amma ba a jin ku, don kada kunya ko tsoron tsegumi su cinye zaman. Sannan ka san cewa tarbiyyarmu tana gaba da kai a nan. An rene mu a kan cewa na ƙasa ba ya musu da na gaba, ba ya kuma kai masa ƙorafi. Duk abin da ka tambaya, amsar farko ita ce "ba matsala, ranka ya daɗe" ko "lafiya lau, Hajiya". Kada ka karɓe ta a matsayin amsa, gaisuwa ce. Abin da ke karya wannan shi ne ta ji ka faɗa da bakinka, a kan wani kes na gaske, cewa "ni ma ban tabbata ba, zo mu duba tare."

Wane kes za a ɗauka

Minti goma na farko sun ishi lissafi da fom. Sauran lokacin na kes ɗaya ne ko biyu, ba duka ba. Bari ta zaɓi wanda ya fi hana ta barci. Kai kuma lokaci-lokaci ka zaɓi wanda ba ta taɓa kawowa ba. Fayil ɗin da ya yi wata uku ana rubuta masa "komai daidai" ya fi ba ni tsoro fiye da wanda ake ta hayaniya a kansa, domin ko dai an daina dubawa da idon basira, ko kuma akwai abin da ke sa ƙafarta nauyin zuwa gidan.

Tsarin da zan bi a nan ya samo asali ne daga zagayen koyo da David Kolb ya bayyana a 1984, wanda Tony Morrison ya daidaita shi da aikin kula da ma'aikatan jin daɗin jama'a a Birtaniya: abin da ya faru, abin da aka ji, abin da yake nufi, abin da za a yi. Don a ga yadda yake aiki, mu ƙaddara wani kes. Mai unguwa ya kawo maganar wata yarinya 'yar shekara goma, 'yar riƙo a hannun gwaggonta. Maƙwabta sun ce ana jin kukanta da dare, kuma ta daina zuwa makarantar boko sai talla. Ma'aikaciyarka ta je gidan ta dawo ta ce: "Hajiya mutuniyar kirki ce, talauci ne kawai, kuma maƙwabtan dama ba sa ga maciji da ita."

Mataki na farko: a koma gidan da baki

Kada ka amince, kada ka musanta. Ce mata ta mayar da kai gidan tun daga zaure. Ƙarfe nawa kika isa? Wa ya yi miki iso? Su wa kika tarar a tsakar gida? Ina yarinyar take lokacin da kika shiga, me take yi? Da gwaggon ta kira sunanta, yaya ta amsa? Kin ga inda take kwana, ko an gaya miki ne? Sauran yaran gidan suna zuwa makaranta? Kin keɓe da ita, ko a gaban gwaggon kuka yi magana? Me ta ce, da kalmominta?

Abin da kake yi a nan shi ne raba abu uku da suka cakuɗe a bakinta: abin da ta gani da idonta, abin da aka gaya mata, da abin da ta zata. "Mutuniyar kirki ce" zato ne. "Ta ce yarinyar faɗuwa ta yi" ji ne. "Na ga shaida a bayan hannunta na hagu, doguwa kamar ta bulala" gani ne, kuma gani ya kori ji. Sau da yawa a wannan matakin kaɗai ma'aikaciya za ta tsaya cak ta ce, "Af, ai ban ma yi magana da ita ita kaɗai ba." In ta faɗi haka, kada ka ɗora da faɗa. Ta gano da kanta, wanda ya fi ka gaya mata sau goma.

Guji tambayar da ta fara da "me ya sa ba ki". Tana sa mutum ya fara kare kansa maimakon ya tuna. "Me ya faru da ya hana keɓewar?" tana neman abu ɗaya ne amma ba ta ɗaga yatsa.

Mataki na biyu: abin da ya taso a zuci

Nan ne shugabanni suka fi tsallakewa, wasu don suna ganin ɓata lokaci ne, wasu don ba su san me za su yi da amsar ba. Alhali abin da ma'aikaciya ta ji a gidan bayani ne game da gidan. In mace baliga mai katin aiki ta ji gabanta na faɗuwa a gaban mai gidan, ina ga yarinya 'yar shekara goma da ke kwana a can?

Ba tsoro kaɗai ke rufe ido ba, karamci ma yana yi. An shimfiɗa mata tabarma, an kawo ruwa, an kira ta "'yata", an haɗa ta da Allah kada ta tona asirin gida. Bayan wannan, ta ce tana so ta ɗaga rigar yarinya ta duba bayanta abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma duk wanda ya ce ba nauyi bai taɓa shiga gidan mutane da wannan aiki ba. Tambaye ta a hankali: Da kika fito, yaya kika ji jikinki? Akwai tambayar da ta zo bakinki kika haɗiye? Hajiyar ta tuna miki da wani? Da a ce mai gidan ba sananne ba ne a unguwa, da ziyarar ta bambanta?

Wataƙila ta ce ita ma a hannun gwaggo ta tashi, ta yi talla, ta sha bulala, ga ta kuma ta zama mutum. Ko kuma akasin haka, riƙon da ta sha ya sa ba ta iya ganin mariƙiya ba tare da ta zarge ta ba. Duka biyun suna karkatar da hukunci, kuma ba a magance su da cewa "ki cire son rai". Ana magance su ne da a fito da su fili, a ce to, ga abin da kika shigo da shi gidan, yanzu mu ajiye shi gefe mu ga me ya rage.

In ka yi tambaya ta yi shiru, bar shirun. Ƙirga goma a ranka. Yawancinmu muna cike shiru da nasiha, nan take kuma ƙofar ta rufe. Amma ka san iyakarka: kai shugaban aiki ne, ba likitan ƙwaƙwalwa ba. Ana taɓa rayuwarta ne gwargwadon yadda ta shafi yaron da ke cikin fayil. In abin ya fi haka zurfi, ka taimaka mata ta samu wanda ya dace.

Mataki na uku: me wannan ke nufi

Yanzu sai a sa ilimi. Dokar da nake ba da shawara a riƙe ita ce kada a bar kes da fassara ɗaya. Ku nemi aƙalla uku. Ta yiwu talauci ne tsagwaron, gwaggon na iya ƙoƙarinta, kukan dare kuma na kewar uwa ne. Ta yiwu ana bambanta ta da 'ya'yan gida, ita ce mai aiki, ita ce mai shan duka. Ta yiwu kuma matsalar ba a gwaggon take ba sam, wani ne a gidan ko a wurin tallan yake cutar da ita, gwaggon ba ta sani ba ko tana rufawa. Ga kowace fassara ku tambaya: wace shaida ke goyon bayanta, wace ke karya ta, me ya rage mu sani?

Sai tambayar da na fi ba muhimmanci a duk zaman: me za ki gani ko ki ji wanda zai sa ki sauya ra'ayi? In ta ce babu, to ra'ayin ya riga ya daskare, kuma aikinku na ranar ke nan. Laming ya ba da shawarar ma'aikaci ya riƙa girmama mutanen gida amma kada ya saki shakkarsa, wato ya saurari abin da aka gaya masa da mutunci sannan ya je ya tabbatar.

Maganar al'ada tana bukatar kulawa ta musamman, domin kuskure na iya zuwa ta kowane ɓangare. Riƙo ba laifi ba ne, ya raya marayu da 'ya'yan dangi da ba su ƙirguwa. Sunkuyar da kai gaban babba ba alamar cuta ba ce. Amma "haka al'adarmu take" ba ta isa ta rufe bincike ba. Hanya mai sauƙi ita ce kwatanci a cikin gidan kansa: in al'ada ce ko talauci, ya kamata su shafi duk yaran. In 'ya'yan cikinta na tafiya makaranta da safe ita kuma tana ɗaukar faranti, to ba talauci kaɗai ke aiki ba. Ku bi ranar yarinyar daga asuba zuwa kwanciya, awa bayan awa. Duk inda ma'aikaciyar ta ce "ban sani ba", ku sa alama.

Ku kawo doka cikin maganar. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta fara ne da cewa maslahar yaro ita ce kan gaba a duk abin da za a yi game da shi, jihohi kuma suna da nasu dokokin da suka gina a kanta, kamar Kano da ta sa hannu a kan tata a 2023. Ya kamata ma'aikaciya ta san abin da dokar jiharta ta ba ta iko a kai da inda sai an nemi kotu ko 'yan sanda. Kada kuma a manta da abin da ke da kyau a gidan. Wa ke son yarinyar? Akwai kaka, ko malamar Islamiyya, ko maƙwabciyar da take gudu wurinta? Ina uwarta, ta san halin da ake ciki? Da waɗannan mutane ake gina kariya mai ɗorewa, ba da ziyarar ofis ta wata-wata ba.

A duk wannan, riƙe bakinka. Kana da shekaru a aiki, wataƙila tun minti biyar na farko ka hango inda matsalar take. In ka faɗa, ka warware kes ɗaya. In ka bari ta isa wurin da ƙafarta, ka gyara yadda za ta shiga gida hamsin masu zuwa. Banda haka, kai ma kana iya yin kuskure, domin ba ka je gidan ba. Ka roƙe ta ta nemo abin da zai karya naka hasashen.

Mataki na huɗu: wa zai yi me, yaushe

Waiwayen da bai ƙare da aiki ba hira ce. Kafin ku tashi, a rubuta: za ta koma gidan ranar kaza, a lokacin da ba a sa ran ta, ta keɓe da yarinyar, za ta ga shugaban makarantar da ta bari, za a kai yarinyar asibiti a duba shaidar hannun, kai kuma za ka kira mai unguwa, tunda maganarka ta fi tata nauyi a wurinsa. In gidan na da barazana, ba za ta koma ita kaɗai ba. Ku kuma tsayar da abin da in an gan shi ba za a jira zama na gaba ba.

A fayil ɗin yarinyar, rubuta hukuncin da dalilinsa, har da fassarorin da kuka ajiye da abin da ya sa. Wanda zai gaji kes ɗin bayan an yi mata canjin wurin aiki yana bukatar sanin yadda kuka yi tunani, ba abin da kuka yi kaɗai ba. Abin da ya shafi zuciyar ma'aikaciyar kuwa ba ya shiga fayil ɗin yaro, yana cikin takardar zamanku, wadda ku biyu za ku sa wa hannu. Zama na gaba da wannan takarda zai buɗe.

Inda ba a tsayawa waiwaye

In ma'aikaci ya kira ka ya ce an yi wa yarinya fyaɗe jiya, ba lokacin "yaya ka ji" ba ne. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, don haka umarni za ka bayar kai tsaye: asibiti yanzu, ga wanda za a kira, ga inda za ta kwana. Haka in yaro na cikin haɗarin da zai iya hallaka shi a daren. Waiwayen zai zo bayan kwana biyu ko uku, kuma lallai ya zo, don irin wannan kes ɗin ne ke bin ma'aikaci har gida.

Ma'aikacin da nauyin aiki ya fara gajiyar da zuciyarsa

Wanda ke sauraron labarin cin zarafin yara kullum, kamar ma'aikatan da suka yi shekaru a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri da kewaye, abin yana taruwa masa. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a tambayi fayil ma. Rahotanninsa sun gajarce sun koma iri ɗaya. Ya fara cewa "ai duk haka suke". Yana ɗaga ziyarar wani gida da uzuri iri-iri. Ko kuma ya kasa sakin kes, yana kashe kuɗin aljihunsa, yana amsa waya tsakar dare. Faɗa masa abin da ka lura da shi ba tare da zargi ba, ka tambaye shi yadda yake barci. "Sai haƙuri" da addu'a suna da wurinsu, kuma yawancin ma'aikatanmu da su suke tsaye, amma kai da ke da ikon rage masa kaya ko ba shi hutu, kada ka tsaya a nan. In nauyin daga sama yake, kai ne bakinsa a wurin na sama, da alƙaluma a rubuce.

In ma'aikatan sun yi maka yawa

Haɗa su rukuni na mutum biyar ko shida sau ɗaya a wata. Mutum ɗaya ya kawo kes ba tare da suna ko unguwa ba, don a garuruwanmu kowa ya san kowa. Ya yi bayani na minti goma, sauran su yi tambayoyin neman haske kawai, an hana "da ni ne". Daga nan ya koma gefe ya saurara suna tattauna fassarori, a ƙarshe ya faɗi abin da ya ɗauka. Ka lura da wanda ya fi shekaru ko muƙami, in ya fara magana sauran za su bi shi, don haka a bar shi ya zo ƙarshe. Rukuni ba ya maye gurbin zaman mutum biyu, akwai abin da ba mai faɗa a gaban abokan aiki.

Lokaci-lokaci kuma ka bi ma'aikaci ziyara, da izinin mutanen gidan, ka zauna gefe ka kalla. A hanyar dawowa ka fara tambayarsa yadda shi ya ga ziyarar kafin ka faɗi naka. Kai ma ka nemi wanda za ka riƙa zama da shi, ko na gaba da kai, ko takwaranka na wata ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya, ko da ta waya ce sau ɗaya a wata. Ka kai masa hukuncin da ka yanke kana shakka, da ma'aikacin da ka rasa yadda za ka yi da shi. Bayan wata shida da fara wannan tsari, ka ɗauko takardar yarjejeniyar nan, ka tambayi kowane ma'aikaci wace tambaya ce ta fi yi masa amfani da wadda yake so ka daina, ku gyara takardar a kan abin da ya faɗa.